Da Ɗin da Baba Ya Faɗa

Umarni biyu mahaifina ya ba ni tun yana cikin hankalinsa, kuma a zama ɗaya ya ba ni su, a teburin cin abinci na flat ɗinmu da ke unguwar Plumstead a Landan, yana ɓare lemo da babban yatsa. Na farko, kada in zubar da koren fayil ɗinsa, ko bayan ransa. Na biyu ya fi tsawo. Ya ce likita ya gaya masa irin ciwon mantuwar da ya kama shi da inda zai kai shi, kuma shi ba yaro ba ne da za a riƙa yi masa rufa-rufa. Muddin ya san ni, kada in kai shi gidan kula da tsofaffi. Ranar da ya daina sanina kuwa, in kai shi, kada in tsaya koke-koke, domin a ranar ba zai bambance ɗakinsa da na kowa ba.

Da ya gama sai ya ce, "Maimaita."

Haka muka tashi. Tun muna barikin soja a Kaduna, Baba bai taɓa aiken ɗayanmu ya bar shi ya fita ba sai ya maimaita saƙon, ko da ashana za a sayo. A ranar ina da shekara arba'in da ɗaya, ina da mutum shida a ƙarƙashina a ɗakin ba da magani na wani asibiti a Whitechapel, amma na ajiye cokali na maimaita masa tiryan-tiryan kamar 'yar aji uku. Ya gyaɗa kai, ya miƙo mini rabin lemon.

Wannan ɗabi'a daga Rasha ya kwaso ta, tare da shan baƙin shayi ba madara, da kuma mutumin da ke cikin koren fayil.

Baba yana kyaftin a rundunar tankokin yaƙi aka tura su kwas na shekara biyu a Tarayyar Sobiyet, tun kafin in yi wayo. Wanda aka ɗora wa kula da su wani ɗan laftana ne mai shekara ashirin da uku, mai faffaɗan kunne, ɗan wani direban tarakta daga ƙauyen da ko Rashawan ma sai sun duba taswira. Baba ya girme shi a shekaru da muƙami, amma shi ne malami. Makonsu na farko a filin atisaye, sanyi ya kusa cinye wa Baba yatsu biyu na ƙafa. Sojan Rasha na wancan lokaci ba safa yake sawa ba, ƙyalle yake naɗe ƙafa da shi kafin ya zura takalmin but, kuma naɗin ilimi ne, domin in ka bar ninki ɗaya a ƙasan dunduniya, kafin azahar ƙafarka ta yi bororo. Laftanan ya zaunar da Baba a kan akwatin harsashi, ya durƙusa a cikin ƙanƙara, ya naɗe masa ƙafa da nasa ƙyallen. Sai ya warware, ya ce Baba ya maimaita. Sau tara Baba ya naɗa kafin a bar shi ya tashi.

Iyakar labarin ke nan. Na ji shi ya fi sau ɗari, kullum ina jira wani abu ya biyo baya, ba abin da ke biyowa. Ko hoto ba su yi tare ba. Baba ya dawo gida, ya kai laftanar kanar, sai wani juyin mulki da bai san hawa ba bai san sauka ba ya share shi tare da rabin abokan kwas ɗinsa, a rediyo ya ji an yi masa ritaya. Bayan wasu shekaru muka tsinci kanmu a Landan, yana gadin ƙofar wani babban kanti a Old Kent Road, cikin baƙar rigar da yake gogewa kamar kakin fareti. Shekara goma sha tara ya yi a bakin ƙofar nan. A cikinsu mahaifiyata ta rasu, yayana ya koma Kaduna, ni ma aurena ya zo ya wuce, muka rage ni da shi.

Laftanan kuwa bai tsaya ba, kuma Baba ya bi shi mataki-mataki daga nesa. Da farko da almakashi yake binsa, yana yanko duk inda jarida ta ambaci sunansa. Daga baya ni ce almakashin, yana ba ni jerin shafuka in buga masa a wurin aiki. Ta haka na haddace rayuwar mutumin da ban taɓa gani ba, ban kuma nemi sani ba. Ya je Afganistan yana kyaftin, ya dawo da lambar yabo da kafaɗar da ba ta ɗaguwa sosai. Ya riƙe runduna a Jamus ta Gabas, kuma da ƙasarsu ta wargaje shi aka sa ya loda tankokinsa a jirgin ƙasa ya kai su gida, ya sauke su a wani fili da babu bariki, matan hafsoshinsa suna girki a cikin tantuna. Ya je Checheniya, ya dawo, ya sake komawa. Ya shiga babbar makarantar hafsoshi a Mosko, ya fito da tauraro ɗaya, aka jefa shi can gabas inda jirgin ƙasa kan yi mako kafin ya isa. Kowane sabon hoto wuyan ya ƙara kauri, gashi ya ƙara ja da baya, kunnuwan nan dai suna nan yadda Baba ya bar su.

Da aka ba shi tauraro na uku, muƙamin da Rashawa ke kira kanar janar, wani mai karanta labarai a rediyon Hausa ya ce "kanar" kawai, ya bar janar ɗin, ya wuce. Baba ya kusa fasa rediyon. Kwana uku yana yi mini bayani cewa a can kanar janar ya fi laftanar janar, ba irin tsarinmu ba ne, kuma wanda bai san muƙami ba bai kamata a ba shi makirufo ba. Na ce to shi ma ya zaɓi ɗaya mana, ko kanar ko janar, wannan haɗama har ina. Bai yi dariya ba, ya sa ni na maimaita jerin muƙaman daga ƙasa har sama.

Ban son mutumin, gara in faɗa. Lokacin da aka tura shi Siriya ina aiki da wata 'yar ƙasar wadda gidansu bai rage ko'ina ba sai a cikin wayarta, kuma da hannuna nake buga wa Baba hoton janar yana tsaye a gaban taswira, in ninke in cusa a jaka kada ta gani. Wata rana na kasa haƙuri, na ce masa abin kunya ne mai salla biyar ya riƙa ajiye hoton irin wannan mutum kamar na ɗan'uwa. Na yi tsammanin zai yi faɗa. Ya daɗe yana daidaita takardun.

"Uwata," ya ce, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "ban ce miki mutumin kirki ba ne. Na ce na san shi yana shekara ashirin da uku, ya durƙusa ya naɗe mini ƙafa. Abin da ya zama, shi da Allahnsa. Ina dubawa ne in ga ko yaron yana nan."

Ban sake tayar da zancen ba. Na gane kuma, ko da yake bai faɗa ba, cewa yana duba nasa taurarin ne a kafaɗar wani, waɗanda aka yanke masa ta rediyo.

Ciwon ya zo yadda likita ya ce. Turanci ya fara tafiya, sannan sunayen abubuwa, sannan hanya daga ɗakinsa zuwa banɗaki. Gidanmu a hawa na biyu yake, matakala talatin da biyu, ba lif. Council, wato ƙaramar hukumarmu, suna turo mai kula da shi sau biyu a rana, minti arba'in-arba'in, sauran awoyin duk nawa ne. In tashi in yi masa wanka, in shirya shi, in ba shi koko a baki, in ruga tashar Woolwich in kama jirgin ƙasa, in tsaya awa takwas ina ƙirga wa wasu magani, in dawo in tarar ya zuba sukari a cikin takalmi. Bayana ya riƙe har ruku'u ya zama aiki. Na daina zuwa biki, na daina zuwa suna, har mutanenmu suka daina gayyata. Yayana yana bugowa daga Kaduna kowace Lahadi ya ce Allah ya ba ni lada, in ce amin, in ajiye wayar in ji kamar in jefa ta ta taga. Shekara uku muka yi a haka.

A shekara ta ukun ya fara naɗe ƙafafunsa da tawul ɗin kicin. Naɗi mai kyau kuwa, ba ninki ko ɗaya, mutumin da ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Magana ta ragu ƙwarai, sai gunaguni da ba na kamawa. Ya daina ce mini Uwata. Yana kallona da ladabi, irin kallon da ake yi wa ma'aikaciyar asibiti mai kirki, kuma ladabin nan ya fi zagi ciwo.

Wata safiyar Talata cikin hunturu na durƙusa a gabansa ina warware tawul ɗin don in sa masa safa. Na makara, bayana yana zogi, ya ɓata zanin gadon da na shimfiɗa jiya. Na ɗaga kai na tarar yana kallona, sai tambayar ta fito da kanta.

"Baba, ka san ni?"

Ya dube ni sosai. Ya ce, "Da."

Kalma ɗaya, a sarari, irin yadda ya daɗe bai furta komai ba. Na ji ta har cikin ƙashina. Da, wato can baya, lokacin da ya wuce. Da na san ki, yanzu ban sani ba. Na ce a raina ga soja har ƙarshe, ya tattara ɗan abin da ya rage masa ya ba ni rahoto na gaskiya. Na ƙarasa sa masa safar, na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

A bakin jirgi a Woolwich na kira yayana. Na gaya masa yadda muka yi, ya yi salati, ya ce ai shi ke nan, Baba da kansa ya sallame ni. Kafin jirgi ya iso na kira matar council da ke riƙe da takardunmu, na ce mata lokacin ya yi. A nan akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu. Da na zauna a jirgin na jingina kai da gilashi, abin da na ji ba baƙin ciki kaɗai ba ne. Na ji sauƙi, irin na wadda aka sauke wa tulu daga ka, har na yi barci na wuce tashata.

Bayan mako bakwai aka samu ɗaki a wani gida da ke bayan tudu, tafiyar bas ɗaya daga wurinmu. Gida ne mai tsabta, ba ni da abin cewa a kansu. Na kai shi da akwati ɗaya, da darduma, da koren fayil. Bai yi gardama ba. Da zan tafi ya miƙe tsaye, hannuwa a gefe, ya bi ni da ido har ƙofa. Na ce wa kaina ladabin nan ne dai da yake yi wa kowa.

Sau uku a mako nake zuwa. Ban sake yi masa tambayar ba, don me, na riga na ji amsa. Abin da nake yi shi ne in buɗe fayil in karanta masa, domin shi kaɗai ke sa ya daina murza hannun kujera. Ni da na tsani mutumin, na zama mai karanta tarihinsa a bayyane kamar mai wa'azi. Daga ƙauye zuwa makarantar tankoki, daga Afganistan zuwa Jamus, daga tantuna zuwa taurari. Shafin ƙarshe ɗan guntun labari ne cewa an sauke janar daga muƙaminsa an ba shi wata kujera a ma'aikata, irin kujerar da ake ba mutum in an gama da shi. Daga nan jaridu suka manta da shi. In na kai nan sai in koma farko. Na rage ƙiba, na koma zuwa walima, bayana ya saki. Mutane suna cewa na yi kyau, ina cewa alhamdu lillahi.

Wata bakwai muna haka, sai aka kawo sabuwar ma'aikaciya ɓangarensu. Dattijuwa ce 'yar Latbiya, ƙasar da a da take cikin Tarayyar Sobiyet, mai kauri, mai furfura, ba ta da yawan fara'a. Ranar da muka fara haɗuwa ta shigo da keken shayi ta tarar da fayil a buɗe a cinyata, ta kalli hoton janar, ta taɓe baki. Ta ce ƙanenta an ɗauke shi soja an kai shi Afganistan yana shekara goma sha tara, ya dawo da ƙafafunsa biyu amma bai sake zama mutum ba, kuma ita duk janar-janar fuska ɗaya gare su. Na ce mata ba ta faɗi abin da ban faɗa ba. Wannan ya ɗan sassauta ta. Ta ce amma mahaifina mutum ne mai ladabi, kuma Rashancinsa ya fi na jikokinta.

Na ce wane Rashanci. A gidanmu ban taɓa jin Baba ya yi shi ba, ko da wasa. Yakan ce ya bar shi a can tare da but ɗin.

Ta dube ni kamar ta ga wadda ba ta san hanyar gidansu ba. Ta ce ai gunagunin nan da yake yi duk Rashanci ne, tun ranar da ta fara aiki suke hira, in dai za a kira shi hira. Ta ce ta sha gani, harshen da mutum ya koya da wahala yana saurayi wani lokaci shi ke saura in sauran sun zube. Sai ta sunkuya ta yi masa magana da Rashanci, ta nuna butar shayi.

Baba ya ce, "Da."

Ta zuba masa. Ta sake tambayarsa wani abu, ta nuna taga da lambun da ke waje, inda ake yayyafi.

Ya ce, "Niyet," har da ɗan ɓata rai.

Ta ce mini kin ji, shayi e, lambu a'a, mutum ne da ya san abin da yake so. Ta ce in gwada da yarenmu, tana ganin yana ji sarai, amsar ce kawai take fitowa ta waccan ƙofa. Ta tura kekenta ta wuce ɗaki na gaba.

Ba wai ban taɓa jin cewa "da" a Rashanci e ba ne. Kowa ya taɓa ji, ko a talabijin. Amma da Hausa na yi tambaya, a bakin Bahaushe, kuma kalmar ta faɗo daidai inda tamu take faɗowa, da irin sautinta. Kunnen da ya tashi da Hausa ba zai je Mosko neman ma'ana ba alhali ga ta a gida. Wannan uzurin na ba kaina a cikin minti na farko, kuma uzuri ne mai kyau. A minti na biyu ya rushe. Ni 'yar mutumin da ba a sayo masa ashana sai an maimaita ce. Kalma ɗaya tak ya faɗa, a kan magana mafi girma da ta taɓa shiga tsakaninmu, kuma ban ce ya maimaita ba. Ban ce, Baba, da ɗin me, ba. Tawul yana hannuna a ranar, naɗin Rasha yana ƙafarsa, komai yana gabana. Na gaji ne, na ji abin da zai sallame ni, na tashi da sauri kafin ya gyara.

Na rufe fayil. Na ja kujera har gwiwata ta taɓa tasa. Yana shan shayinsa da hannu biyu, a hankali, kada ya zube.

"Baba, yau Juma'a ce?" Ranar Laraba ce.

Ya ci gaba da shan shayinsa kamar ban yi magana ba. Na ji wani mugun fata ya taso mini, cewa wataƙila dai ba ya ji, wataƙila kalmar tana fita ne kawai. Na ji kunyar fatan, amma na ji shi.

"Baba, shayin ya yi sanyi?"

"Niyet."

Tururi yana tashi daga kofin. Na jira ya haɗiye.

"Baba, ka san ni?"

"Da."

"Maimaita."

Ya ajiye kofin a kan tebur. Ya ɗago ya dube ni da irin kallon da yake yi wa kurtun da aka yi wa bayani sau biyu bai ɗauka ba, kallon da na sani tun ina 'yar shekara biyar. Ya ce, "Da. Da." Sai ya miƙo hannu ya gyara mini bakin mayafi inda ya zame daga kafaɗa, yadda yake yi mini a bakin ƙofa in zan tafi makaranta.

Ban yi kuka a gabansa ba, ya hana tun farko. Na zauna har aka zo kiran cin abincin rana, na raka shi, na yanka masa kifi ƙanana.

A bas na lissafa abin da na riga na sani. Ɗakinsa yana nan, na sa teburin guga ne kawai a ciki. Matakala talatin da biyu suna nan, shi kuma yanzu ba ya hawa ko uku sai an riƙe shi ta gefe biyu. Matar council ta taɓa gaya mini cewa in an bar ɗaki a irin gidan nan, samun wani sai an sake bin layi daga farko. Duk gaskiya ne. Na kira yayana na gaya masa, ya ce to ai kuskure ne, Allah ya ga zuciyata. Na ce shi ne abin da ke damuna. Ya ce in yi abin da na ga ya dace, shi yana bayana. Daga Kaduna yake bayana, kamar kullum.

Tambaya ɗaya ta rage, na kuma san ta tun kafin in sauka daga bas. Baba, kana son komawa gida? Kalmomi biyu suka rage tsakanina da shi a duniya, yanzu na san su duka, ba sauran inda zan ɓuya. In ya ce niyet, ya yafe mini. In ya ce da, sai in ɗauko shi, in koma wanka da koko da zanin gado da bayan da ba ya ruku'u, har ranar da Allah ya yanke, ko kuma in kalle shi in ƙi, wannan karon da sanina.

Na ce zan tambaye shi ranar Juma'a. Ranar Juma'a yana mura, na ce ba a yi wa marar lafiya irin wannan tambaya. Mako na gaba aiki ya yi yawa. Na mayar da zuwana kullum maimakon sau uku, ina fitowa daga Whitechapel in zarce can kai tsaye. Na sayo ƙyallen falanel na yanka shi murabba'i biyu, na kai masa, ya naɗe ƙafarsa yana murmushi, ya kama tawa ƙafar ma ya nuna mini, na maimaita har sau huɗu kafin ya gyaɗa kai. Kullum in na shiga sai in ce, Baba, ka san ni, ya ce da, in zauna. Na tambaye shi ko yana jin sanyi, ko abincin ya yi gishiri, ko in karanta Afganistan ko Jamus. Babu abin da ban tambaye shi ba a wata huɗun nan, sai abu ɗaya. 'Yar Latbiyar ta taɓa tsayawa a bakin ƙofa tana kallonmu, ta ce na iya tambayoyi. Ban san me take nufi ba, ban kuma ce ta maimaita ba.

A makonsa na ƙarshe ma da ya daina cin abinci, na sunkuya na tambaye shi ko ya san ni, leɓensa ya motsa, na ga kalmar ko da ban ji ta ba. Ya rasu da hantsi ranar Litinin, a ɗakin nan mai kallon lambu, ina riƙe da ƙafarsa. Bai taɓa daina sanina ba, ko na rana ɗaya.

Mutane sun zo gaisuwa sun cika flat ɗin har matakala. Kowa ya ce na yi ƙoƙari, ba kowace 'ya za ta yi abin da na yi ba, Allah ya ba ni masu yi mini. Na ce amin. Tsofaffin abokan gadinsa biyu sun zo daga Old Kent Road, ɗaya ya ce har yau in ya aiki jikansa sai ya sa shi ya maimaita.

Janar yana nan da ransa. Kwanakin baya na ci karo da hotonsa a waya, a wani taron tsofaffin sojoji, yana zaune a layi na biyu da sanda tsakanin gwiwoyinsa, rigar ta yi masa yawa, kunnuwan nan sun fito fiye da da. Wata mata, ina jin 'yarsa ce, ta sunkuya tana gyara masa wuyan riga, shi kuma yana kallon wani wuri daban. Na daɗe ina kallon matar, ba shi ba. Washegari na buga hoton a wurin aiki, na kawo gida, na huda shi, na sa a ƙarshen koren fayil. Umarni na farko dai ina riƙe da shi.